Wuta-wuta A Gonar Manomi, Hayaƙi A Aljihun Falke

'Yan'uwa fatake, dillalai, masu turke da masu rakiyar shanu, na gida da na ƙetare. Ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya tamu su ba ni ɗan fili a wannan takarda in yi magana a kan wata ciyawa. Na san wani zai ce, yau kuma Alhaji ya rasa abin faɗa, ga maganar shingayen hanya, ga kuɗin tirela, ga canjin naira da sefa, sai ya ɗauko mana zancen ciyawa? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, in ya so a yanke mini hukunci.

Ciyawar da nake nufi ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, mai furen nan ja-ja mai ban sha'awa da ke fitowa a gindin dawa da gero da masara. Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Marwa a ƙarshen damina, ko ya ratsa ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi, ya ga gonakin da ta rufe. Baƙo ya gani ya ce fure aka shuka, alhali kuwa mai gonar kuka yake yi a zuci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya same ni a ranin da ya wuce. Akwai wani maigidana a wani ƙauye tsakanin Garwa da Gidar, shekara da shekaru a wurinsa nake ɗaure bijimai su yi wata biyu ko uku suna cin kara da harawa da dusa kafin in loda su zuwa Yawunde. Da na isa, bayan mun gaisa, sai ya ce da ni, "Alhaji, bana sai dai haƙuri, wuta ta cinye gonar." Ya kai ni na gani da idona. Karan da a da yake shige tsawon mutum a kan doki, bana iyakarsa ƙugu, ga shi siriri kamar tsinke, zangarniyar kuwa ba a magana. Hatsin da ya samu ko iyalinsa ba zai kai su bazara ba, balle a yi zancen dusa.

Dole na koma sayen turto, watau tunkuzar guryar auduga, a kan farashin da bai yi mini daɗi ba, daga baya kuma na kwance bijiman tun ba su cika ba. Da muka sauke su a Etoudi, mahauci ya zagaya sa, ya taɓa ƙugu, ya taɓa tozo, ya taya abin da ya ga dama, ni kuwa ba bakin musu, domin ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Asarar da ta faro daga gonar wancan bawan Allah ta biyo ni har kilomita ɗaruruwa, ta taɓa dillali, ta taɓa mahauci, ta ƙare a teburin mai tsire a nan Briqueterie. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To mu namu gemun ya riga ya fara ƙauri.

YADDA TAKE CIN GONA

Tun daga nan na shiga tambaya, wurin malaman gona da wurin yaranmu da suka yi karatun aikin noma, kuma abin da na fahimta shi zan faɗa a taƙaice. Wuta-wuta ba kamar sauran ciyayi take ba, da ke cin abincinsu daga ƙasa. Ita kaska ce. Tana kafa bakinta a jikin saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa tana zuƙar ruwa da abinci, tana kuma tsugunar da shukar. Kafin ta ɓullo sama manomi ya gan ta, ta yi makonni tana sha, ɓarna mai yawa ta riga ta auku. Shi ya sa noma da fartanya kaɗai ba ya maganinta.

Irinta ƙanana ne kamar ƙura. Tushe guda yana iya zubar da ƙwaya 50,000 ko fiye, kuma ƙwayar tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Me take jira? Nan ne abin mamakin yake. Ba ta tsira don ruwan sama ya sauka kawai. Sai ta ji ƙanshin wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, wanda masana ke kira sitirigolakton. Da ta ji shi, ta san abinci ya zo kusa, sai ta tsira ta miƙa ta kama. In ta tsira ba ta sami saiwar da za ta kama ba cikin 'yan kwanaki, mutuwa za ta yi, don ba ta da guzuri.

Wani zai ce, to don me dawa za ta kira abin da zai kashe ta? Ai ba ita take kira ba. Akwai wata irin fumfunar ƙasa mai amfani da ke haɗuwa da saiwa tana taimaka mata janyo abinci, ita ce ake yi wa kiran, masana a Japan suka tabbatar da haka a 2005. Wuta-wuta laɓewa ta yi tana saurare, kamar ɗan fashin da ya gane sautin motar fatake. Kuma an gano cewa in ƙasa ta gaji, ta rasa irin abincin da ke cikin takin supa da yuriya, sai dawa ta ƙara ƙarfin kiran. Watau gonar talaka, wadda ba ta ganin taki, ita ce ta fi tara ɓarayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MAGANAR GADO

Yanzu ga inda nake so 'yan'uwa su buɗe kunne, domin magana ce da mu masu shanu muka fi kowa sani. Wane ne a cikinmu bai san gado a jikin dabba ba? Ka ga maraƙi ka ce wannan jinin Gudali ne, wancan Bunaji, wancan ja na Mbororo, tun kafin ƙaho ya fito. Mun san kuma akwai ƙananan shanun nan marasa tozo, irin Namci na wajen Poli da Muturu na kudancin Nijeriya, da ke zaune cikin tsando sammore bai kayar da su ba, alhali in ka kai babban Gudalinka can sai ya rame ya faɗi. Ba asiri aka yi musu ba. Abu ne da Allah ya sa a jininsu, uwa da uba suna ba ɗa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To ashe haka abin yake ga hatsi. Akwai dawar da ta gaji kare kanta daga wuta-wuta, akwai wadda ba ta gada ba. Wani masani ɗan ƙasar Habasha, Gebisa Ejeta, da ke aiki a Jami'ar Purdue ta Amurka, ya shafe shekaru shi da abokan aikinsa suna bin diddigin wannan gado. Sun yi aiki da wata dawa da ake kira SRN39, wadda aka lura wuta-wuta ba ta cika tsira a gindinta ba. Suka yi ta auratayya tsakaninta da wasu iri, har a 1994 aka raba tan 8 na irin da suka fitar a ƙasashen Afirka 12, ciki har da Nijar da Mali da Sudan. A kan wannan aiki aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2009.

A 2017 suka bayyana ainihin ƙwayar gadon da ke da alhakin abin, suka sa mata suna LGS1. A dawa ta yau da kullum wannan ƙwayar gado tana aiki, saiwa na fitar da ƙanshin da wuta-wuta ta fi ji. A SRN39 kuwa ƙwayar ta ɓace, sai saiwar ta koma fitar da wani ƙanshin dabam wanda bai cika tayar da ita ba. Ba wai dawar ta yi shiru ba ne, muryar ce ta sauya, ɓarawon da ke laɓe bai gane ta ba.

Wani binciken da ya fito a 2020 ya ƙara da abin da ya faranta mini rai. Da aka duba irin dawar gargajiya na ƙasashen Afirka, sai aka tarar wannan gado ya fi yawa a wuraren da wuta-wuta ta fi addaba. Ma'ana kakanninmu manoma, da ba su taɓa shiga ɗakin bincike ba, da suke zaɓar zangarniya mai kyau suna ratayewa don iri, wannan gadon suke tarawa ba su san sunansa ba. Saboda haka masu cewa wannan duk kayan Turawa ne, su sani daga rumbunan Afirka aka samo shi.

Sauya ƙanshi kuma ba shi kaɗai ne makami ba. Akwai dawar da saiwarta ke da tauri, wuta-wuta ta tsira amma ta kasa hudawa, kamar wata 'yar ƙasar Indiya da ake kira N13. Akwai wadda da an taɓa saiwar sai wurin ya mutu, mai zuƙar ta rasa abin kamawa. A wajen masara, masanan cibiyar IITA ta Ibadan sun ɗauko gado daga wata 'yar'uwar masara ta daji da ke ƙasar Meziko suka zuba cikin tamu, kuma cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, ta fitar da iri masu jure wuta-wuta a cikin jerin da take kira SAMMAZ. Gero ma ba a bar shi a baya ba, a 2024 masana a wata jami'a ta Saudiyya sun nuna ƙwayar gadon da ke bambanta geron da ke tayar da wuta-wuta da wanda ba ya tayarwa. A 2025 kuma masanan ƙasar Sin suka bayyana ƙwayoyin gado 2 da ke buɗe ƙofar da ƙanshin ke fita daga saiwar dawa.

Wake fa, wanda harawarsa ta fi komai gina sa? Shi ma yana da tasa wuta-wutar, dabam da ta hatsi. An sami wani wake daga Botsuwana mai suna B301 da ba ta kama shi, masanan IITA suka yi auratayya da shi, daga ciki aka sami wanda Nijeriya ta fitar a 2008 da sunan SAMPEA 10.

KADA A ƊAUKA LAYA CE

Amma fa, jama'a, ba na so a tashi daga karatun nan a ce Alhaji ya ce an sami maganin wuta-wuta an gama. Akwai abu huɗu da ya kamata a sani, kada wani mai bakin zuma ya yaudare mu a kasuwa.

Na farko, ita ma wuta-wuta tana da nata gadon, kuma iri-iri ce. Ta hatsi tana auratayya tsakaninta, kowace shekara ana samun sababbin jini, in aka dogara da makami guda wata rana za a sami wadda ta iya masa. Masu binciken 2020 ɗin nan da kansu sun ce amfanin wannan gado ya danganta da irin wuta-wutar wurin da kuma yanayin ƙasar. Ta wake kuwa har lamba aka ba ta, ta Nijeriya da Nijar dabam, ta Kamaru dabam, ta Mali dabam. Irin da ya yi abin kirki a Maraɗi ba lalle ne ya yi a Kaele ba. Mu da muka san saniyar Adamawa ba ta jin daɗin Kusiri, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

Na biyu, wannan gado na LGS1 irin gadon nan ne mai ɓuya, sai ɗa ya same shi ta wajen uwa da uba duka kafin ya bayyana. In iska ta ɗauko bununin dawar maƙwabci ta zuba a kan taka, abin da aka haifa zai koma kiran wuta-wuta. Dawa ba ta cika gauraya da yawa ba, amma masara da gero kam sai dai a yi shiru. Shi ya sa irin da aka yi shekaru ana ɗiba daga rumbu ana mayarwa yake lalacewa, kamar garken da aka bar kowane bijimin hanya yana shiga. Dole a riƙa sabunta iri daga tushe mai aminci.

Na uku, akwai bambanci tsakanin iri mai hanawa da iri mai juriya. Mai hanawa ba ya barin wuta-wuta ta kama shi da yawa, don haka irinta na raguwa a ƙasa. Mai juriya kuwa tana kama shi, ya daure ya ba da amfani, amma ita ma ta yi fure ta zubar da 'ya'ya. Kamar saniya ce mai ɗauke da cuta ba ta kwanta ba, tana yawo tana raba wa garke. In manomi ya shuka mai juriya ya miƙe ƙafa, gonar ce ke ƙara cika.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin sababbin iri gajeru ne, an yi su don su nuna da wuri su ba da ƙwaya. Dawar S35 da masu bincike na Marwa suka fitar a shekarun 1980 ta taimaki mutane da yawa a shekarun ƙarancin ruwa, amma kowa ya san ba ta kai doguwar dawar gargajiya tsawon kara ba. In masu fitar da iri ba su ji daga bakin masu dabbobi ba, hatsi kawai za su auna. A ƙasar Kano, tun a ƙarshen shekarun 1990, cibiyoyin IITA da ICRISAT da ILRI suka haɗa kai suna gwada dawa da wake masu ba da abincin mutum da na dabba a tare. Irin wannan muke so, kuma sai mun buɗe baki za a san muna so.

LAIFIN DA AKE ƊORA MANA

Sau da yawa manomi kan ce shanun fatake da na makiyaya ne suka kawo masa wuta-wuta a kashinsu. Masanan IITA sun auna wannan magana, suka buga sakamakon a 1994. Abin da suka gani shi ne kashin shanu ba shi ne babbar hanya ba, mafi yawan ƙwayar da saniya ta haɗiye ba ta fita da rai, iska ma ba ta kai ta nesa. Babbar hanya ita ce hatsin kasuwa. An sussuka dawa ko gero a ƙasa cikin gonar da ke da cutar, ƙurar irin ta bi hatsin ta shiga buhu, wani ya saya a wata ƙasa ya shuka.

Kada mu yi saurin murna a kan an wanke mu. Wa ke ɗaukar buhunan nan? Tirelar da ta sauke shanu ba ta komawa wayam. Sau nawa ɗayanmu ya ga dawa mai kyan ido a Mubi ko Maigatari ko Bogo, ya auni tiya biyu ya kai wa maigidansa tsaraba ya ce gwada wannan? Ni kaina na yi, da kyakkyawar niyya. Ga kuma damman kara da harawa da muke lodawa daga wannan gari zuwa wancan, da busasshiyar wuta-wuta a maƙale. Saniyarmu ta kuɓuta, amma mu da hannunmu ba mu kuɓuta ba.

Sa'an nan rabin maganin ma a wurinmu yake. Tun da gajiyar ƙasa ce ke sa dawa ta ɗaga murya, taki shi ne mai kwantar da ita. A da, bayan girbi, manomi kan roƙi mai shanu ya kwana a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har a haɗa da damin hatsi na godiya. Yau rigima da rashin yarda sun ci wannan al'ada a wurare da yawa. Muna kwashe karan gona ƙaf mu kai turke a gari, takin ya taru a can yana damun maƙwabta da wari, gonar da ta haifi karan ba ta ga ko kwando ɗaya ba. Shekara ta zagayo mu zo muna mamakin wai kara ya yi tsada.

ABIN DA NAKE GANIN YA KAMATA

Na ji masu cewa mu 'yan kasuwa ne, wannan aikin gwamnati ne da malaman gona. Gaskiya ne aikinsu ne. Amma malamin gona nawa ne ke kwana a ƙauyukan da muke kwana? Iri mai kyau yana nan a cibiyoyi, manomi yana can a ƙauye bai taɓa jin sunansa ba, mu kuwa kowane mako muna tsakanin su biyun. Daga Ngawi zuwa Adumri, daga Potiskum zuwa Mai'aduwa, babu ƙungiyar da ta kai mu sanin hanya da sanin mutane. Ga shawarata.

Ƙungiya ta naɗa mutum 3 ko 4, a haɗa da ɗaya cikin yaranmu mai jin Faransanci da Turanci, su je hedkwatar IRAD da ke Nkolbisson. A nan cikin Yawunde take, kuɗin tasi ne kawai daga Briqueterie. Su tambaya wane irin dawa da masara da wake ne aka gwada a Arewa da Arewa Mai Nisa aka ga yana tsayawa gaban wuta-wuta, mai hanawa ne ko mai juriya, yaya karansa da harawarsa, kuma a wurin wa ake samun na gaskiya a Garwa da Marwa. 'Yan'uwanmu na Nijeriya su yi haka a IAR Samaru da ofishin IITA na Kano, na Nijar su je INRAN a Maraɗi, na Cadi su nemi ITRAD. Kowa ya nemi irin da aka gwada a ƙasarsa. Tsallake iyaka da iri yana da dokarsa da takardunsa, ba mu da bukatar ƙarin rigima da kwastan.

A ware wani ɗan abu a kan kowane sa da aka sauke, ko da bai kai kuɗin goron ciniki ba, a tara a sayi iri mai shaida a ba masu masaukinmu kafin ruwan shuka. Kada a ce su watsar da nasu na gado, wannan kuskure ne babba, don mun ji abin da ke ɓoye a cikinsa. A raba gona biyu, rabi sabo rabi tsoho, a yi damina 2 ko 3 ana kallo, a ƙirga damin hatsi a kuma ƙirga damin kara. Gani ya kori ji. Wanda ya yi kyau maƙwabta da kansu za su zo roƙo.

Mu daina kai hatsin kasuwa a matsayin iri. Na ci dabam, na shuka dabam. Mai sayen kara kuma ya duba abin da yake lodawa, ya ce da mai gona a tuge wuta-wuta tun tana fure kafin ta yi 'ya'ya, a tara a ƙone. In mai saye ya nuna ya damu, mai sayarwa zai damu.

Mu mayar da taki inda kara ya fito. Duk mai turke a Arewa ya yi yarjejeniya da mai gonar da ke ba shi kara, amalanken da ya kawo kara ya koma da taki. Inda zaman lafiya ya samu, a farfaɗo da kwanan shanu a gona, da sanin mai gari da ardo.

A ƙarfafa wa manoma juya shuka. Auduga da gyaɗa da waken suya suna fitar da ƙanshin da ke tayar da wuta-wutar hatsi, amma ba ta iya rayuwa a jikinsu, sai ta tsira ta mutu. Hasali ma daga saiwar auduga aka fara gano wannan sinadari a 1966. Shekarar da aka sa gyaɗa ko waken suya, ƙasa ta huta, irin cutar ya ragu, mu kuma mun sami harawa. Riba biyu ke nan.

Duk wannan ba sadaka nake roƙo a yi wa manomi ba, ko da yake sadakar ma alheri ce. Jarinmu nake so mu tsare. Sa ba ya ƙiba da takardar lada, ba ya ƙiba da iya ciniki, abin da ya ci tsakanin girbi da faɗuwar ruwa shi ne nauyin da muke sayarwa a Etoudi da Duwala da Legas. Makiyaya tana ƙara ƙuncewa, burtali yana toshewa, kowace shekara dogaronmu ga kara da harawa da dusa ƙaruwa yake yi. Mu da ba za mu taɓa sa bijimin da ba mu san asalinsa ba cikin garke, bai dace a ce ba ruwanmu da asalin dawar da ke ciyar da garken ba.

Ina roƙon shugaba da sakatare su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, tun kafin damina ta kawo kai. Wanda ya ga kuskure a maganata, ko ya san wani iri da ya gwada a yankinsa ya ga amfaninsa, ya rubuto a wannan fili mu ƙaru da juna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni dai na riga na yi wa maigidana alkawari, bana kafin ruwa ya sauka zan aika masa da iri da amalanken taki, mu raba gonar biyu mu gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu a hanya, ya ba mu zaman lafiya tsakaninmu da manoma, amin. 

Daga wani ɗan ƙungiya, Unguwar Briqueterie, Yawunde.